Yadda ake fita waje neman haihuwa da ƙwan wata mace, ga wadda ba ta da miji: abin da ya kamata ki sani kafin ki taɓa kuɗɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Ni ungozoma ce a nan Yamai, kuma wallahi tambayar nan ta yi yawa a wayata, yawanci da dare take shigowa bayan kowa ya kwanta, daga zawarawa, daga waɗanda mazansu suka rasu, daga waɗanda karatu da aiki da riƙon ƙanne suka cinye musu shekaru har 40 ta wuce aure bai zo ba. Kowacce sai ta fara da "Anti don Allah kar ki faɗa wa kowa". Ba zan faɗa ba. Amma na gaji da ganin mata suna saida fili da zinariya suna tafiya ƙasar da ma dokarta ba ta yarda da abin da suka je nema ba, shi ya sa na zauna in rubuta shi daki-daki.

Kafin komai ki gane mene ne aikin. Likitocinmu suna ce masa FIV, wato a ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyi a laboratuwar, in ya zama ɗan tayi a mayar da shi cikin mahaifa. Jaririyar farko da aka haifa ta wannan hanya Louise Brown ce, a Ingila, 1978. In ƙwan ba na matar da za ta ɗauki cikin ba ne, na wata budurwa ce mai ƙuruciya, shi ne dashe da ƙwan kyauta, wannan kuma tun 1984 aka fara haihuwa da shi. To ga abin da da yawa ba sa lura: mace marar miji da ƙwanta ya ƙare, ba ƙwai kaɗai za ta karɓa ba, har da maniyyin wani namiji da ba ta sani ba. Ke za ki ɗauki cikin wata tara, ke za ki yi naƙuda, ke za ki shayar, amma ɗan ba zai gaji jininki ko na zuriyarku ba ko kaɗan. Na taɓa yi wa wata baiwar Allah wannan bayani a ɗakin awo, ta yi shiru ta jima tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce ita duk zatonta ƙwanta ne za a "gyara". Gara ki ji shi nan da ki ji shi a Turai bayan kin biya.

Mataki na farko ba asibiti ba ne, zama ne da kanki da kuma malami. Ni musulma ce kuma ba zan lulluɓe miki ba: malaman Sunna, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun halatta FIV ne tsakanin miji da matarsa kawai, ƙwanta da maniyyinsa, kuma auren yana nan daram. Fatawar Shehu Jadul Haƙƙi, muftin Masar na lokacin, ta 1980 haka ta ce, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ita ma haka, sun haramta shigowar mutum na uku, ko ƙwai ko maniyyi ko aron mahaifa, saboda gauraya nasaba. Iran ce ta bambanta, inda Ayatullahi Khamene'i ya ba da fatawar da ta buɗe ƙofar kyautar ƙwai ga ma'aurata, wannan kuwa fahimtar Shi'a ce. Cocin Katolika ma bai yarda da shi ba. Ni da za a tambaye ni, ba zan ba 'yar uwata musulma shawarar ta yi ba, kuma na faɗa wa waɗanda suka tambaye ni ido da ido. Amma na san akwai masu karanta ni da ba addininmu ɗaya ba, akwai 'yan Nijar mazauna waje, akwai kuma wadda ta riga ta yanke shawara ba mai juya ta, to wannan ɗin ma ba na son a cuce ta ko ta rasa ranta. Kuma ki yi tunanin ranar suna tun yanzu, me za ki ce wa Inna da Baba, wane suna za a rubuta a takardar haihuwa a wurin uba, me za ki ce wa yaron ranar da ya dawo daga makaranta yana tambaya. Likitan Turai ba zai amsa miki wannan ba.

Na biyu, ki tabbatar ma kina bukatar ƙwan wata ɗin. Ana haihuwar mace da ƙwai kamar miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun koma wajen 300,000 zuwa 400,000, daga shekara 35 raguwar tana sauri, bayan 43 kuma samun haihuwa ta FIV da ƙwan kanki ya yi ƙaranci ƙwarai. Amma shekaru kaɗai ba su isa hukunci ba. Ki je wurin likitan mata, ko a Maternite Issaka Gazoby ko a babban asibitin Referans ko kilinik da kika yarda da ita, ki nemi a rubuta miki analiz na AMH, wato gwajin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage miki, wannan kowace rana ana iya ɗibar jininsa, da FSH da estradiol, sinadaran jiki masu tafiyar da aikin ƙwai, su kuma a rana ta 2 ko ta 3 ta al'ada ake yi, sai ekografi ta ƙasa da za a ƙirga 'yan jakunkunan ƙwai. Wata za ta tarar ƙwanta yana nan, matsalar a bututun mahaifa take ko a tiroyid, ƙullin nan na wuya, ko a prolaktin, sinadarin da ke sa ruwan nono. In ke ƙasa da 35 ce ko kusa da haka kuma aure ne bai zo ba tukuna, ki tambayi maganar daskarar da ƙwanki, hukumar fatawa ta Masar ta ce a 2019 ya halatta da sharaɗin sai da maniyyin mijin da za ki aura za a haɗa shi, a cikin aure. Wannan ƙofar da yawa ba su san da ita ba sai lokaci ya ƙure.

Sannan mahaifar kanta, nan ne nake son ki daɗe. Ƙwan kyauta komai kyawunsa ba zai kama a gonar da ba a gyara ba. Mu baƙar fata fibrom ya yi mana yawa, kullum muna ganinsa a ekografi, wani ƙarami a bayan mahaifa da ba ya hana komai, wani kuma ya turo cikin ramin mahaifa daidai inda ɗan tayi zai zauna, shi wannan sai an cire. Akwai hoton da ake zuba ruwa ta bakin mahaifa a ga bututu, in bututun ya toshe ya tara ruwa, ruwan yana gangarowa ya ɓata dashen, yawanci sai an cire bututun ko an ɗaure shi kafin a yi. Akwai kuma leƙa cikin mahaifa da ɗan kyamara don a ga tsiro ko tabon wankin ciki na da. Duk wannan ki yi ƙoƙari ki gama shi a gida, ya fi sauƙin kuɗɗi, kuma in tiyata ce kina da mai jinyarki. Ki haɗa da gwajin sida, ciwon hanta B da C, sifilis, rubela, rukunin jini da rezus, sikari, hawan jini, da gwajin amosanin jini, wato sikila, wanda ke da muhimmanci a wurinmu domin dole a tabbatar masu ba da ƙwai da maniyyi ba duka biyun ke ɗauke da shi ba. In kin haura 40 za su nemi hoton nono, in kin haura 45 har da awon zuciya. Gwaje-gwajen cututtuka suna da wa'adi, asibitocin waje ba sa karɓar wanda ya tsufa, don haka kar ki yi su tun shekara guda kafin tafiya. Ki sa komai cikin dosiye ɗaya, ki ɗauki hoton kowace takarda ki adana a wayarki da imel.

Yanzu zaɓen ƙasa, inda aka fi yin asara. Mu 'yan Nijar da an ce jinya sai mu ce Tunis, ko Kazablanka, ko Istanbul, ko Alƙahira, saboda jirgi yana da sauƙi daga filin Diori Hamani kuma akwai 'yan uwa can. To duk waɗannan ƙasashe huɗu ma'aurata kawai suke yi wa FIV, sai da takardar aure, kuma ba su yarda da kyautar ƙwai da maniyyi ba. Tunisiya tun dokar 2001 take a haka, Maroko ta kafa tata dokar a 2019, Turkiyya ma har ta hana likitocinta tura mutane waje don wannan tun 2010. Don haka duk wanda ya ce miki yana da hanya a Tunis ko Istanbul ga marar miji, ko ƙarya yake ko zai jefa ki cikin laifi. Ga matan aure masu amfani da ƙwansu da na mazansu kuwa wuraren nan suna da kyau, ni kaina na raka yayata Tunis don haka.

Inda doka ta yarda wa marar miji: Sipaniya, dokarsu ta 2006 ta ba kowace mace da ta kai 18 dama, mai aure ko marar aure, mai ba da ƙwan ba a bayyana sunanta, likita ne ke zaɓa ya daidaita da kamanninki, kuma asibitoci yawanci suna tsayawa a wajen shekara 50. Girka ta yarda, sai kin yi takarda a gaban notar, kuma a 2022 sun ɗaga iyakar shekaru zuwa 54. Fotugal ta buɗe wa marasa aure a 2016, amma can yaro yana da ikon sanin wadda ta ba da ƙwan idan ya girma. Faransa ta buɗe a 2021 sai dai layin jiran ƙwai doguwa ce sosai, ballantana ƙwan baƙar fata, kuma ambasad ɗinsu ma a rufe take a Yamai tun farkon 2024. Indiya dokarta ta 2021 ta yarda wa mace daga 21 zuwa 50. Ƙasar Cek kuwa, duk da sunanta ya fita a wannan aiki, ba ta karɓar mace ita kaɗai. Najeriya akwai asibitoci a Abuja da Legas da ke yi kuma can samun mai ba da ƙwai baƙar fata ba wuya, sai dai babu wata dokar tarayya tsayayya da ke sa ido kan aikin, don haka ingancin ya danganta da wurin, akwai ƙwararru na gaske akwai kuma 'yan damfara. A ƙarshen 2024 BBC ta fallasa wasu a jihar Anambra da ke yi wa mata allurai ciki ya kumbura, a ce musu cikin ɓoye ne ekografi ba ta ganinsa, daga baya a sayo jaririn wata a miƙa musu. 'Yar uwa, babu cikin da gwajin jini da ekografi ba sa gani. Babu.

Ki rubuta wa asibiti biyu ko uku da kanki, ta adireshinsu na intanet, manyan na Sipaniya da Girka suna da masu jin faransanci kuma suna yin ganawar farko ta bidiyo. Kar ki bi ta dillali. Wata ƙawar ƙanwata ta ba wani mutum miliyan ɗaya da rabi wai kuɗɗin kama wuri, ya turo mata takarda mai tambari mai kyau, da ta kira asibitin suka ce ba su taɓa jin sunanta ba, shi kuma lambarsa ta daina shiga, kuma kunya ta hana ta kai ƙara domin sai ta faɗi abin da ta je nema, da wannan kunyar suke cin mu. Tambayoyin da za ki yi: kuna da mai ba da ƙwai baƙar fata, wata nawa zan jira, ƙwai nawa kuke lamuncewa, ɗan tayi na kwana 5 nawa, an gwada su sikila, in ba a samu ɗan tayi ko ɗaya ba me zai faru da kuɗɗina, kuma cikin mata 10 da kuka yi wa dashe nawa ne suka rungumi jariri a hannu. Ki lura da ta ƙarshen nan, domin su sun fi son faɗin adadin waɗanda gwajin ciki ya nuna, alhali ba duk ciki ke kaiwa haihuwa ba. A wurare masu kyau, dashe ɗaya da ƙwan kyauta yana kai wajen mata 4 zuwa 5 cikin 10 ga haihuwa. Ma'ana kina iya dawowa hannu biyu a karon farko, ki shirya zuciyarki da aljihunki a kan haka.

Kuɗɗi. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. A Sipaniya zagaye ɗaya da ƙwan kyauta yawanci yana kamawa daga yuro 6,000 zuwa 9,000, wato wajen miliyan 4 zuwa 6 namu, Girka ta ɗan fi sauƙi, kuma wannan bai haɗa da maniyyi ba, da magunguna, da kuɗɗin ajiye sauran 'yan tayi a daskare kowace shekara, da dashe na biyu, da jirgi da otal da ci. Ki nemi a rubuto miki lissafin komai a takarda kafin ki tura ko dala, kuma ki tura ta banki da sunan asibitin, ba asusun wani mutum ba, takardar bankin ma za ta yi miki amfani wurin biza. Don Allah kar ki saida gidan da kike ciki. Haihuwar ma kuɗɗi take ci, da wuya ba tiyata ba ce.

Biza: paspor mai sauran wa'adi, wasiƙar asibiti mai ranar randebu, shaidar biya, takardun banki na watannin baya, takardar wurin aiki, wurin kwana, da asiransi na tafiya wanda ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wato Shengen, ke son ya kai yuro 30,000. Sipaniya da Indiya duka suna da ambasad a Yamai. Ki fara da wuri, kuma kar ki fara shan magani sai biza ta fito, na ga wadda ta shirya mahaifarta tsaf biza ba ta zo ba. Katin rigakafin shawara ma ki sa shi cikin paspor.

Shirin jiki yawanci a nan gida za ki yi shi, asibitin can su turo tsari, likitanki na nan ya riƙa duba ki. Ki fara shan folik asid tun kafin nan. Ranar farko ko ta biyu ta al'ada ake fara ƙwayar estradiol, irin su Progynova, kullum a kan lokaci, bayan kamar kwana 10 zuwa 12 a yi ekografi a auna kaurin shimfiɗar mahaifa, ana son ta kai milimita 7 zuwa sama. Ki tura sakamakon a ranar, su ne za su ce ga ranar fara projesteron, maganin da ke riƙe ciki, irin su Utrogestan ko Cyclogest da ake matsawa ta gaba, kuma ana ƙirga kwanakinsa daidai da kwanakin ɗan tayin, kamar kwana 5 kafin dashe, shi ya sa ba a wasa da sa'ar farawa, in sun ce ƙarfe 8 na safe to 8 ɗin. Wadda al'ada ta ɗauke mata ma ana iya shirya ta da waɗannan magunguna. Abu ɗaya da Bature ba zai tuna ya gaya miki ba: zafinmu. A watan Afrilu da Mayu maganin matsin nan narkewa yake cikin jaka kamar man shanu, na taɓa buɗe kwalin wata na tarar duk ya manne da leda. Ki ajiye shi a wuri mai sanyi, in ɗauke wuta ya yi yawa a unguwarku ki sa shi cikin kula ko kusa da randa, kuma a jirgi ki riƙe shi a jakar hannu tare da ordonansi. Ki sayi wanda zai kai ki wata uku, kar ki dogara da cewa kullum za ki same shi a farmasi. Sauran jiƙe-jiƙe da haɗin mata da ake kawo miki, ki ajiye su gefe gaba ɗaya.

Dashen kansa ba wani abin tsoro ba ne, minti 10 zuwa 15, ba a sa ki barci, za a ce ki sha ruwa mafitsara ta cika, a zura siririn bututu ta bakin mahaifa kina kallon allo. Abin da zan roƙe ki shi ne ki yarda a sa ɗaya. Na san zuciya za ta ce na biya miliyoyi, a sa biyu ko uku in huta, amma tagwaye a jikin mace mai shekara 45 ba wasa ba ne, haihuwar bakwaini, hawan jini, zubar jini, kuma ke kin san yadda gadon jarirai bakwaini yake da wuyar samu a nan. Sauran a daskarar miki da su. Kwanciya kwana da kwanaki ba ta ƙara komai, za ki iya tafiyarki a hankali, ki hau jirgi bayan kwana ɗaya ko biyu. Kafin ki baro asibitin ki karɓi rahoton aikin a rubuce, da ranar dashe, da kwanakin ɗan tayin, da shekarun mai ba da ƙwan da rukunin jininta, likitanki na gida zai bukace su.

Bayan kwana 10 zuwa 12 a yi gwajin ciki na jini, wanda ake ce wa beta hCG. Kar ki dogara da na fitsari da kika yi da asuba kina rawar hannu, kuma ko kin ga ɗigon jini kar ki tsayar da magani sai likita ya ce. In bai kama ba, ki tambaye su me suka gani, ki huta, waɗanda aka daskarar suna jiranki kuma dashensu bai kai kuɗɗin farko ba. In ya kama, a maimaita gwajin bayan kwana 2 a ga yana hauhawa, ekografi a mako na 6 zuwa 7 don a ga bugun zuciya a kuma tabbatar ba a bututu ya zauna ba, magunguna kuma a ci gaba har mako na 10 zuwa 12, domin jikinki bai fara yin nasa ba sai mabiyiya ta karɓi aikin.

Daga nan awo ba irin na kowa ba ne. Cikin ƙwan kyauta ya fi saurin kawo hawan jinin masu ciki da ke kaiwa ga jijjiga, ga kuma shekaru, ga sikari, don haka dole ki gaya wa likitan da ke bin ki gaskiyar yadda aka samu cikin, ko da duk duniya kin ɓoye mata, sirrinki amana ne a wurinsa, kuma da wannan bayanin ne zai duba ko zai sa ki a ƙaramin aspirin tun wajen mako na 12. Ki sayi na'urar awon jini ki riƙa rubutawa a littafi safe da yamma. Ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya-walƙiya, kumburin fuska da hannu, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba a jiran gari ya waye. Ki kwana cikin gidan sauro kullum, Fansidar na rigakafin masassara ba a fara shi sai an shiga wata na huɗu, kuma in zazzaɓi ya kama ki kafin nan ki je a gwada, kar ki sha na bakin titi. Ki zaɓi wurin haihuwa da ke da ɗakin tiyata da jini a kusa tun ciki yana wata 6, ki kuma samu mutum biyu masu rukunin jininki da za su amsa waya ko ƙarfe nawa ne.